Na hau jirgin ƙasa mai haƙora da Baba a duwatsun Nilgiri

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mun sauka Damagaram shekaranjiya da dare, ni da Baba, lafiya lau. Aikin gwiwa ya yi kyau, yau da sandarsa ya taka har masallaci. Waɗanda suka yi addu'a da waɗanda suka sa hannu a aljihu, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Hoton nan da na sa kwanaki, kuka yi ta tambaya wane irin jirgi ne, na ce sai na dawo. To ga bayani.

Bayan aiki da wata guda likita ya ce mu ƙara kwana goma kafin ya sallame mu. Zaman ɗaki ya ishi Baba. Mutumin da ya saba hantsi na yi yana bakin kasuwar Dole cikin abokansa, ga shi a ɗakin haya a Koyimbato ta ƙasar Indiya, ba mai jin Hausa sai ni. Abinci ma ya fara turewa. Mai gidan da muke haya ne ya ce in fita da tsoho ya sha iska, akwai jirgin ƙasa da ke hawa dutse daga wani gari Metupalayam, ƙasa da kilomita 40 daga inda muke. Na tambayi likita, ya auna jinin Baba, ya ce ba laifi amma mu riƙe rigar sanyi.

Bakwai da minti goma na safe yake tashi, don haka a tasha muka yi asuba. Taragu ne ƙanana masu launin shuɗi da ruwan madara, kujeru a matse, gwiwarka na taɓa ta wanda ke gabanka. Wani magidanci da ya ga sandar Baba ya tashi ya bar masa bakin ƙofa don ya miƙe ƙafa. Kan jirgin na tururi ne, kuma ba a gaba yake ba, a baya yake, turo taragun yake yi.

Da ya yi ƙugi na farko ya saki tururi sai Baba ya damƙe hannuna. Ya ce, “Wannan numfashin na san shi.” Ashe yana saurayi, shekarun 1960, yaron mota ne a babbar motar da ke ɗaukar gyaɗa daga Matamai zuwa Kano. Su sauke buhuna kusa da dogo, ya tsaya yana kallon kan jirgi na shan ruwa har maigidansa ya yi masa tsawa. Shekara sittin ke nan, bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ƙasa ba sai ranar nan. Ni ɗansa ban taɓa jin wannan labarin ba.

Farko fili ne da gonaki. Ana wuce wata tasha Kallar sai ka ga ƙarfe na uku ya bayyana a tsakiyar layin, mai haƙora kamar zarto, baƙi ƙirin da giris. Nan ƙarar ta sake, ta koma ƙwas-ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafarka, bayanka ya manne da kujera. Daga nan fa sai hawa. Dutse a hannu ɗaya, har kana iya taɓa ganyen da ke jikinsa, ɗaya hannun kuwa rami ne wanda in ka leƙa sai ka ga saman itatuwa can ƙasa. Kowane tarago da mai birkinsa a tsaye a ɗan barandar gaba, hannunsa a kan wata ƙafar ƙarfe, da tuta ja da kore. In an shiga kogon da aka fasa cikin dutse duhu ya rufe, yara su ɗauki ihu, warin hayaƙi ya cika ko'ina. Koguna 16 ne a hanyar, gadoji 250.

A Hilgirob aka tsaya jirgi ya sha ruwa. Mutane suka yi kan mai shayi da wani abu kamar ƙosai, birai na kewaya su. Baba ya ce in kama shi. Muka taka a hankali har wurin kan jirgin, ya tsaya yana kallon wani ma'aikaci da butar mai mai dogon baki yana bin gaɓoɓin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga mai, yana taɓawa da bayan hannu ya ji zafi. Ba yaren da ya haɗa su. Baba ya ɗaga masa hannu irin jinjinar da ake wa sarki, shi kuma ya dafa ƙirji.

A Kunur aka cire na tururi aka sa na gazuwal, sai gonakin shayi da itatuwan turare har Uti, garin da layin ya ƙare a saman dutse. Mun isa wajen sha biyun rana. Kilomita 46 ke nan cikin kusan awa biyar. Daren nan Baba ya cinye abincinsa tas.

Hajiyar Sabon Gari:
Masha Allah. Sannunku da hanya, ɗana. Allah ya ƙara wa Alhaji sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina nan zuwa gaishe shi ran Juma'a.

Direban Yamai:
Barka da dawowa, ƙanena, Allah ya ƙara lafiya. Amma ka yi haƙuri, ni abin bai shige ni ba. Kilomita 46, kusan daga nan zuwa Takeita, a awa biyar? Ni da nake tashi da kar tun kafin asuba, in ci kusan kilomita 900, in shiga Yamai dare ya yi, bayana kamar an sara, ba zan iya yaba wa jirgi don yana tafiyar hawainiya ba. Abokan aikina nawa muka binne saboda gyangyaɗi a kan hanyar nan. Jirgin da nake roƙon Allah ya nuna mana shi ne wanda zai ɗauki mai jinya daga Damagaram ya kai shi Yamai kafin azahar.

Ɗan Magarya:
Ni ma akwai abin da ke raina, kuma gara in faɗa a gabanka da in faɗa a bayanka. Dangi da abokai suka haɗa kuɗin tafiyar nan, wasu da ƙyar suka ciro. Da na ga hoto a cikin duwatsu sai da gabana ya faɗi. Kuɗin magani daban, yawon buɗe ido daban.

Ɗan Birni:
Yaya, na ji daɗi da ka faɗa a fili, kuma kana da haƙƙin tambaya. Kuɗin da aka haɗa duk yana rubuce, na asibiti da na haya da na jirgin sama, takardun suna wurin Kawu tun jiya, duk mai so ya je ya gani. Na dutse daga aljihuna ya fito. Tikitin mutum ɗaya bai kai jaka biyar ta sefa ba. Motar da ta kai mu tasha da ɗakin da muka kwana a Uti su suka fi cin kuɗi, su ma ba wani abin tashin hankali ba ne. Da ka ga yadda Baba ya koma a ɗakin nan, yana kallon bango, da kai za ka ce in fita da shi.

Ɗan Magarya:
To shi ke nan, na gamsu. Allah ya huci zuciyarka. Sai dai wani lokaci a riƙa haɗa hoto da bayani, saboda zuciya ba ta da ƙashi.

Malam na Garin Malam:
Allah ya yi muku albarka ku biyun, haka ake so ƴan'uwa su yi. Game da tafiyar kanta, a Suratul Gashiya an umurce mu da mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su. Kallon halitta da tunani ibada ne, matuƙar ba a bar salla ba, ba a ci bashi don shi ba. Wanda kuma ya faranta wa mahaifinsa rai yana cikin jinya, wannan ladarsa daban ce.

Bakaniken Zango:
Ni dai ku bar ni da haƙoran nan, tun jiya nake zuƙo hoton ina kallo. Bari in faɗa wa waɗanda ba aikinsu ba ne dalilinsu. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ƙarfe ne, duka sumul. A fili wannan alheri ne, shi ya sa kai ɗaya ke jan kayan tirela hamsin. Amma da an zo tudu mai tsanani sai ƙafa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, balle in ruwa ya jiƙa dogon ko ganye ya zuba. Sai aka sa wata ƙafa mai haƙora a cikin kan jirgin, tana cizon wancan ƙarfe na tsakiya, kamar yadda giya ke cizon giya a akwatin mota. Kowane haƙori mataki ne, ba zamewa.

Zaman kan jirgi a baya kuwa hikima ce babba. In yana gaba yana ja, mahaɗi ya tsinke, taragu sun tafi rami da mutane. In yana ƙasa yana turowa, duk nauyin a kansa yake kwance, ko me ya faru shi ne waigi. Ƙanena, tudun ya kai yaya?

Ɗan Birni:
Inda ya fi tsanani, duk mita 12 da aka yi gaba an hau mita ɗaya, Yaya. Metupalayam ba ta fi mita 330 daga teku ba, tashar Uti kuwa 2,203. Damagaram ba ta kai 500 ba.

Mushen Tarihi:
Wato kun wuce ƙololuwar Bagzan da ke Ayar, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar, mita 2,022. Kuna zaune a kujera.

Amma ina so mu tuna wanda aka yi wa jirgin. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa shi, ya kai Kunur a 1899, ya kai Uti a 1908. Me ke can sama? Sanyi. In bazara ta yi, gwamnatin Madras gaba ɗayanta takan tattara ta hau Uti ta bar talakawa da zafi. Ga barikin soja a Welintan, ga gonakin shayi. Mutanen da suka iske a kan dutsen, irin su Toda masu kiwon ɓauna, ba don su aka fasa kogunan nan ba. Waɗanda suka fasa dutsen da hannu, suka ɗauki ƙarfe a ka, ba wanda ya san sunansu yau.

Ku dubi namu yankin, ƙa'idar ɗaya ce. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk don gyaɗa da fata da auduga. Na Faransa da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936. Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, amma ko taku ɗaya na dogo ba a kawo mata ba. Shi ya sa Alhaji yana saurayi yake kai gyaɗarmu Kano a mota. Ni in na ga irin jirgin nan, wannan nake fara gani kafin in ga kyan dutse.

Ɗan Birni:
Mushe, ba abin da zan cire a maganarku. Amma ga abin da idona ya gani. A taragonmu ba Bature ko ɗaya. Iyalai ne na Indiya, da amarya da ango, da wata tsohuwa da jikokinta suka riƙo, da ƴan lakwal. Ingila ta bar ƙasar tun 1947. Da sun ga dama da sun ce kayan mai mulkin mallaka ne, ga hanyar mota nan ta fi sauri, su sayar da ƙarfen a kilo. Ba su yi ba. Kawunan jirgin da aka daɗe ana aiki da su daga Suwis aka kawo su. Da suka tsufa, sai Indiyawa suka ƙera sababbi na tururi a ma'aikatarsu ta Tirucirapalli, a kan fasalin tsofaffin, masu cin baƙin mai maimakon gawayi. A 2005 UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya. Wanda ya gina daban, amma wanda ya yi shekara saba'in da wani abu yana ɗiga masa mai kullum safiya, ai ya zama nasa.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, ba dutsen ba. Mutumin nan mai butar mai.

Ɗalibar Bangalo:
Sannu da dawowa Yaya, a gaida Baba. Ni ma na hau bara da ƴan ajinmu, amma daga Kunur zuwa Uti kawai, na gazuwal, awa ɗaya da ƴan mintoci. Na tururin mun nema ba mu samu ba, kujerunsa kaɗan ne, ana kama su ta intanet tun da makonni. Duk mai niyya ya nemi tikiti da wuri, kada ya dogara da layin tasha. Daga Cennai akwai jirgin dare da ke isa Metupalayam da asuba, an daidaita shi da tashin na dutsen.

Abu biyu kuma. Daga Oktoba zuwa Disamba ruwa na yawa a can, ƙasa da duwatsu kan zubo kan layin, a dakatar da jirgi kwanaki. Sannan akwai abin da ya ɓata mini rai, matasa masu rataye a ƙofa don hoto, a kan gada, ma'aikata na ta yi musu magana ba sa ji. Da yawansu saboda waƙar fim ɗin nan da aka yi rawa a saman jirgi suke zuwa, a layin nan aka ɗauke ta.

Hajiyar Sabon Gari:
Ɗiyata, to mace fa? Awa biyar, akwai wurin kama ruwa? Abinci kuma na halal ne?

Ɗalibar Bangalo:
Taragon da na shiga ba bayi, Hajiya, sai an tsaya a tasha. Gara a rage shan ruwa da safe. Abinci ba matsala, akwai Musulmi a Kunur da Uti, da masallatai da gidajen abincinsu, ga kuma na ganye zalla ko'ina. Sanyi ne kawai za ku yi wa shiri, ya fi na watan Janairu a Damagaram, kuma mai laima ne, yana shiga ƙashi.

Ɗan Birni:
Gaskiya ne. Muna sauka na saya wa Baba hular ulu ya ɗora rawani a kai.

Na Jos:
Ina karantawa ina jin wani abu a ƙirjina. Shekarata 22 a Jos ina sayar da fata. Jama'a, mu ma nan kusa an taɓa yin irin jirgin nan. Ƙaramin layi ne siriri da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos saboda kuza, ya iso a 1914. Da babban layi ya zo ta Kafancan a 1927 sai aikinsa ya ragu, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarfen. Kakana ya yi cin-rani a haƙar kuza, ya ce saboda rashin saurinsa a wurin hawa, mutum kan sauka ya taka a gefensa ya sake hawa. Yau kan jirgin na ajiye a gidan tarihi na Jos, na kai yarana sun gani. Yana tsaye shiru, ba wuta ba ruwa. Da an bar ko kilomita ashirin na wurin hawan, da Alhaji bai sai ya je Indiya ba kafin ya ji numfashin nan, kwana ɗaya a mota ya ishe shi.

Direban Yamai:
To ai kun zo inda nake. Kuna maganar ajiye tsohon jirgi, mu wane muke da shi da za mu ajiye? An buɗe tasha a Yamai a 2014, an shimfiɗa dogo kamar kilomita 140 har Doso, mun yi murna har da hon. Duk sati ina bin gefensa sau huɗu. Ban taɓa ganin fasinja a kai ba. Wani wuri rairayi ya rufe shi, wani wuri ciyawa. Na Kano zuwa Maraɗi da aka ɗora harsashinsa a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, Damagaram ba ta ciki. Mai jin yunwa ake wa labarin yadda ake adana tsohuwar tukunya.

Bakaniken Zango:
Direba, wallahi ina jin zafin da kake ji, amma ka duba, maganarka da ta yaron nan guda ce. Dogon Doso sabo ne fil, me ya rasa? Ba a gama shirin abin da zai bi kansa ba, ba mai kula da shi. Ko gobe aka kawo mana mai gudun iska har ƙofar Birni, in ba mai bin sa da butar mai, shekara biyar ya zama kwanta-kwanta. Ni shekara 34 ina ƙarƙashin mota. Akwai wata tsohuwar Berliet da ke zuwa garejina, ta girme yaran da ke aiki a wurina duka, har yau tana kai kaya Tanut, don mai ita ba ya wasa da juyen mai. Akwai kuma sababbin motocin ma'aikatu da aka kawo mini a mace ba su shekara uku ba, ka buɗe inji ka ga mai ya zama kwalta. Ba hannu muka rasa ba. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun ba za a ce bai san ƙarfe ba.

Direban Yamai:
Wannan kam ba musu. Kar ɗin da nake ja ma in ba don ina tsaye a kanta ba da tuni ta kwanta. Amma ina nan kan bakana, a fara kawo mai saurin.

Baƙon Jidda:
Salamu alaikum, na daɗe ban yi magana a nan ba. Maƙwabcina a nan mutumin Iritiriya ne, kuma abin alfaharinsa ke nan. Suna da layin dutse daga Masawa bakin teku zuwa Asmara, Italiyawa suka gina, ya kai Asmara a 1911, hawan ya fi mita 2,000. Yaƙi ya kashe shi a shekarun 1970, har ƙarafunsa aka cire aka yi ramukan yaƙi da su. Da suka samu ƴancin kai a 1993 sai suka ce da hannunsu za su tashe shi. Suka kirawo tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya, masu shekara saba'in da tamanin, suka tattaro ƙarafa, suka gyara kawunan tururin nan na da. A 2003 jirgi ya sake shiga Asmara. Ƙasar ba ta fi mu arziki ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, su kam sun gwada.

Mushen Tarihi:
Na karɓi wannan, kuma na karɓi maganar ɗana Ɗan Birni cewa riƙo ma mallaka ne. Abin da nake tsoro shi ne a gyara abu don baƙo ya ɗauki hoto, a manta da wahalar da aka sha a kansa. In yarana na lakwal za su hau irin jirgin nan, ina so a gaya musu wa ya fasa dutsen, nawa aka biya shi, wa aka hana shiga taragon gaba.

Maginin Birni:
Tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba, don ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Amma da aka zo maganar butar mai sai na kasa haƙuri.

Mu namu jirgin ai ga shi nan muna kwana a cikinsa. Gidajen Birni na ƙasa masu zane a fuska, da soraye, da azara. Mahaifina ya koya mini cewa ginin ƙasa ba ya tsufa, sakaci ke kashe shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau rufi a duba indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe. Aikin kwana uku ne, da kwando da hannu. In an tsallake damina biyu, ta uku ruwa ya sami hanya, shi ke nan.

Damanar 2024 tsohon masallacinmu na Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi muna kallo. Na je wurin da safe. Na ɗauki wani guntun tubali, irin na da mai kan tulu, na ga shatar yatsun wanda ya murza shi tana nan a jiki. Na zauna a kan ɓaraguzan na yi kuka kamar yaro. Kakannina sun yi yaɓe a bangon nan.

Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013, Birni tun 2006 take cikin jerin masu jira. Ni ba takarda ce ta dame ni ba. Yaran da ke son koyon aikin ne babu, kowa siminti yake so, kuma ban ga laifinsu ba tunda can kuɗin yake. Mu da muka iya zanen fuska da hannu a unguwar nan, in na ƙirga, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni.

Hajiyar Sabon Gari:
Allahu akbar. A masallacin nan aka ɗaura auren iyayena.

Malam na Garin Malam:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.

Ɗalibar Bangalo:
Baba Magini, in na zo hutu za ku yarda in zo in ɗauki aikinku a waya, tun daga kwaɓa ƙasa har zane? Gine-gine nake karanta, kuma wallahi duk abin da ake koya mana a kan ginin ƙasa, misalan daga wasu ƙasashe ake kawowa.

Maginin Birni:
Ki zo, ɗiyata, amma ba ɗauka kawai ba, za ki sa hannu a laka. Ki zo kafin watan Mayu, lokacin muke hawa rufi.

Ɗan Birni:
Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, tun daga na Direba har na Baba Magini. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce in gaya wa Direba yana da gaskiya, shi ma ya kwana a hanyar Kano sau ba adadi, ya san abin da nisa ke yi wa mutum. Ya ce kuma in gaya muku abin da ya gani a awa biyar ɗin nan, da mota ce da bai gani ba: wata mata tana tsinkar shayi ta ɗago ta yi masa murmushi, da ruwa yana fitowa daga cikin dutse ba rijiya ba famfo, yana zuba dare da rana ba mai tara. Ya ce wannan ruwan ya fi komai tsaya masa, shi da ya yi rayuwarsa a garin da ake kwana a layin famfo.

Ya ce a tambayi Baba Magini ko zai zo ya duba soron ƙofar gidanmu, akwai tsaga ta gabas da ya daɗe yana gani yana cewa sai an samu sarari.

Maginin Birni:
Gobe bayan la'asar in sha Allah. A tanadi tsani.

Bakaniken Zango:
Ni ma zan biyo shi in gaida Alhaji. Ƙanena, bidiyon da ka ce ka ɗauka a Kallar, inda ƙafar ke shiga haƙoran, kada ka turo ta nan, waya na rage masa kyau. Ka bar shi a wayarka in gani da idona, ina so in ƙirga haƙoran jeri nawa ne.